Cokalin Silvo da Akwatin Baffa Vinko

Daga ƙauye, kusa da Radovljica
Farkon Fabrairu

Zuwa ga Breda, 'yar Rudi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Munich bai daskarar da ke ba. Kada ki tsaya juya ambulan: ni ne Vinko, ɗan baffan mahaifinki, mai kiwon zuma. Rabona da ke tun jana'izar Rudi, Allah ya ji ƙansa. Mu nan lafiya lau. Matata Cilka tana fama da gwiwa, amma bakinta garau yake. Ni kuwa kunnuwana sun riga ni yin ritaya, shi ya sa ban buga miki waya ba. In na ɗauki waya, ni kaɗai nake ihu.

Da farko ki raba mana gardama. Cilka ta ce ke lauya ce, ni na ce injiniya ce, har ta hana ni ƙarin miya a kan wannan magana.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san in bazara ta shigo, tsohuwar sarauniya kan kwashi rabin jama'arta ta bar amya, in mutum bai farga ba sai ya tarar da zumarsa a kan bishiyar wani. Kafin su tashi kuwa, gunjinsu kan sauya. Tun da kunnena ya mutu, maƙwabcina Silvo ne ke saurarar mini, wannan dai mai buga ogan a coci, mai surutun nan da ya taɓa ba ki alewa kika ce ya yi shiru ki sha. Kowace la'asar yakan tsallako shinge ya zagaya amyoyina, sannan mu zauna mu sha giyar zuma ya ba ni labarin duniya, ni ina gyaɗa kai.

To wannan hunturun na shiga ɗakin aikina da tsofaffin rediyoyin da babanki ya bar mini, na haɗa wani ɗan akwati mai sauraron zuma. In suna shirin tashi, jar fitila sai ta kama. Ina so in kai shi taron masu kiwon zuma a ƙarshen Mayu, kowa ya gani. Silvo ma bai gani ba tukuna, so nake in ba shi mamaki. An ce akwai takardar da ake yi wa irin wannan abu. Ki yi mini guda, mai hatimi, in rataya a bango.

Baffanki,
Vinko

*

Munich
Tsakiyar Fabrairu

Baffa Vinko,

Na ga wasiƙarka, na yi murna har na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa. Ina lafiya, sai dai wuya da ke ciwo saboda sunkuyo a kan takardu. A gaishe mini da Inna Cilka da gwiwarta.

Ku duka kun yi gaskiya, a mayar maka da miyarka. Injiniyan lantarki na karanta a Ljubljana, na yi aiki a wata masana'antar mitar wuta, sannan na zo nan na zauna a ƙarƙashin wani tsohon lauya ina koyon dokar haƙƙin ƙirƙira. Jarrabawar ta kayar da ni sau ɗaya, na tashi na kakkaɓe na rama. Ba na kare ɓarayi, ba na raba aure. Aikina in zaunar da mai ƙirƙira in yi ta tambayarsa har ya gaji da ni, sannan in kewaye dabararsa da kalmomi, kamar yadda kake kewaye lambu da shinge. In shingen ya yi faɗi ofishin rajistar ƙirƙira ya ƙi, in ya yi ƙunci wasu su bi ta gefe.

Ka san abin da ya kawo ni wannan aiki, don kana wurin. Ka tuna 'yar na'urar da Baba ya yi, mai kashe injin tatsar madara da kanta? Ya kai ta baje-koli a Kranj, ina riƙe da hannunsa. Mutane masu dogayen kwat suka yi ta yabo suna ɗaukar hoto, shi kuwa baki har kunne. Daga baya ya gan ta a kanti da sunan wani kamfani. Lauyan da ya je wa ya ce masa, “Malam Rudi, ka riga ka nuna wa duniya, ta zama ta duniya.” Har ya rasu, in mun zo ta gaban kantin nan sai ya tsallaka titi. Abin yana mini ciwo har yau.

Saboda haka ka saurare ni da kunnen da ya rage. A nan ƙa'idar guda ce: abin da jama'a suka riga suka sani, ba a ba da takarda a kansa, ko da mai shi ne ya faɗa da bakinsa. Kafin in shigar da takardarka ofis su buga mata kwanan wata, kada ka nuna, kada ka faɗa wa kowa, komai kusancinku. Ka aiko mini da zane, da bayanin yadda yake aiki.

'Yarka,
Breda

*

Daga ƙauye
Maris

Breda 'yata,

Muna lafiya, ƙanƙara ta fara narkewa, Cilka ta toya potica, naɗaɗɗen kek ɗin nan namu na gargajiya, ta ce in gaya miki saboda ki ji haushi. Ga zane nan, na yi shi a bayan kalanda don takardar ta fi kauri.

Maganar Rudi ta hana ni cin abinci. Na bi umarninki tamkar na likita. Na sa wa ɗakin aiki kwaɗo, na rufe taga da tsohon bargo. Cilka da kanta ba ta shiga.

Amma ina da tambaya ta shari'a. Kin san al'adar gidanmu, duk abin da ya faru, haihuwa ko rasuwa ko baƙo, sai an je an shaida wa zuma, in ba haka ba su yi fushi. Ni na riga na je rumfar amyoyi na karanta musu wasiƙarki daga farko har ƙarshe, na kuma yi musu bayanin akwatin. Su ma jama'a ne? In na ɓata, ki faɗa mini.

Ranar Lahadi Silvo ya ƙwanƙwasa ɗakin aiki. Na leƙo na tare ƙofar da jikina. Ya ce, “Kai kurma, gawa ka ɓoye a ciki?” Na ce gyara nake yi. Ya ce, “Tun muna 'yan makaranta nake riƙe maka ƙusa kana dukan yatsana, yau kuma gyara ya zama na sirri?” Na ce ya dawo wani lokaci. Ya dube ni, ya dubi kwaɗon, ya juya. Raina bai yi mini daɗi ba, amma na tuna da babanki na daure.

Vinko

*

Munich
Ƙarshen Maris

Baffa,

Ina gaisuwa, lafiyata ƙalau. Na yi dariya har sakatariyarmu ta leƙo. Ka kwantar da hankalinka: a duk dokokin da na karanta, ƙudan zuma ba sa cikin jama'a. Ka ci gaba da shaida musu.

Zanenka ya burge ni. Na shiga binciken tsofaffin takardu, na tarar an taɓa yin na'urorin sauraron amya, amma waɗanda na gani iska suke saurara. Naka kuwa wani siririn sanda ne da ke taɓa katakon da saƙar zuma ke rataye a kai, kuma yana gwada gunjin yau da na jiya. Nan ne sabon abin yake, nan zan kafa shinge.

To sai dai akwai abin da ya tsaya mini. Kai ba ka ji. Yaya aka yi ka san katako ya kamata a saurara? Wa ya ce a gwada yau da jiya? Ka tuna da kyau ka gaya mini: wannan dabarar daga kanka kai kaɗai ta fito, ko akwai hannun wani? Ba zan iya ci gaba ba sai na sami amsa.

Breda

*

Daga ƙauye
Afrilu

Breda,

Muna nan da rai. Gwiwar Cilka da sauƙi.

Na karanta tambayarki, na ninke, na sake buɗewa, ba ta sauya ba. Ashe da tsufana 'yar Rudi za ta tambaye ni ko sata na yi? Ni da ko ƙudan zuman wani ya sauka a bishiyata sai na kira mai shi? Kowace waya a cikin akwatin nan da hannuna na liƙa ta, ga tabon ƙuna a yatsuna.

In kina son sani, ga yadda aka yi. Silvo ba ya kara kunne a jikin amya kamar sauran mutane. Cokalin katako yake cizawa a haƙori, ya dogara ɗaya ƙarshen a kan katakon saƙa, ya rufe ido. Na sha yi masa dariya, shi kuma ya ce, “Iska maƙaryaciya ce, Vinko, katako ne ba ya ƙarya. Kuma kukan yau ba ya gaya maka komai sai ka tuna na jiya.” Shi ke nan. In jin maganar aboki sata ce, to a zo a kama ni.

Abokin ma yanzu babu shi. Tun ranar kwaɗon nan bai sake tsallako shinge ba. Ya daina zuwa mashayar Pepca, wurin da kujerarsa ta ɗauki siffar jikinsa. In an tashi daga coci, ta ƙofar baya yake sulalewa. Shekaranjiya muka yi kiciɓis a gaban gidan burodi, ya toshe bakinsa da hannu ya tsallaka titi, kai ka ce wari nake. Pepca ta tambaye ni me na yi masa. Me zan ce?

Kofinsa yana nan a kan benci inda ya bar shi. Cilka ta so ta ɗauke, na hana.

Vinko

*

Daga ƙauye
Farkon Mayu

Breda,

Shiru. Ko ke ma kin tsallaka titi ne?

Muna lafiya. Jar fitila ta kama a amya mai hoton zakara, na raba su kafin su tashi. Akwatin yana aiki sarai. Na tsaya ina kallon fitilar, ga abin da na yi hunturu guda ina nema, amma babu wanda zan daka wa kafaɗa. Murnar ta ƙi zuwa.

Ki bar takardar nan. Nan da mako guda zan ɗauki akwatin in kai mashaya in ɗora a tebur, kowa ya gani, ko Silvo ya huce. Bango na iya zama babu hatimi.

Vinko

*

Munich
Mayu

Baffana,

Don Allah ka ajiye akwatin nan! Ina roƙon Allah ya sa wannan ta riga ka zuwa mashaya. Lafiyata lau, tafiya ce ta kama ni. Na je Hague kare takardar wasu masu haɗa batir a gaban kwamiti, na dawo na tarar da wasiƙunka biyu suna jirana. Na karanta, kunya ta rufe ni.

Ban ce ka yi sata ba, Baffa. Wannan tambayar kowa nake yi wa, har manyan farfesoshi, su ma haka suke kumbura. Doka ce ta ce a rubuta sunan duk wanda dabarar ta fito daga kansa. Kai ka haɗa wayoyi, ka mayar da cokali na'ura. Amma katako, da gwada yau da jiya, na Malam Silvo ne, kuma su ne ƙashin bayan takardar. Wato ƙirƙirar ta ku biyu ce. Sunansa zai zauna kusa da naka.

Da na ce kada ka faɗa wa kowa, ban san akwai mai cokali ba. Wanda aka yi abu tare da shi ba baƙo ba ne. Ga takarda nan na sa a ciki. Ka tsallaka shingen nan yau, ka nuna masa komai, ku sa hannu ku biyu, ka aiko mini ta gidan waya mai sauri. Na riga na gama rubutun, sa hannunku kawai nake jira.

Abu guda: shi ma ya kama bakinsa har sai na ce. Na san wannan ne mai wuyar.

Breda

*

Daga ƙauye
Mayu

'Yata lauya kuma injiniya,

Lafiya lau, lafiya lau! Ki zauna kafin ki karanta.

Wasiƙarki ta same ni da akwatin a cikin kwando, na sa hula ke nan. Cilka ta ce Allah ne ya sa ɗan aiken gidan waya bai tsaya shan kofi ba. Na cire hular, na ɗauki takardarki da kwalbar giyar zuma, na tsallaka shinge, wandona ya yage.

Na tarar da Silvo a lambu, ya rame. Na ce, “Silvo, na zo in gaya maka wani abu.” Ya toshe kunnuwa ya ce, “Kada ka faɗa! Ka tafi, don girman Allah!” Na ce Breda ce ta ba da izini. Sai ya sauke hannu a hankali ya ce, “Ta shigar da takardar?”

Na ce, “Wace takarda? Wa ya gaya maka?”

Ya ce, “Kai, kurman banza! In kana shaida wa zumarka magana, ka san yadda kake ihu? Ina cikin kabejina na ji wasiƙar yarinyar nan tun daga gaisuwa har sa hannu. Na ji labarin Rudi, na ji sandan, na ji fitilar. Allah ya taimake ka gidana ne kaɗai a wannan gefen.”

Na ce to me ya kawo shi ɗakin aikina ranar Lahadin nan? Ya ce zuwa ya yi ya ce mini in rage murya, da ya ga kwaɗo da yadda na tare ƙofa sai ya gane da gaske ake. Ya koma gida ya yi wa kansa hisabi. Ya ce, “Na san bakina, Vinko. Kofi guda a wurin Pepca, gari ya ji. In na zauna da kai, zan yi tambaya, in na yi tambaya zan ƙara sani, in na ƙara sani na fashe. Ko wurin limamin coci ban je ikirarin zunubi ba, don kada ya ɓalle mini. Ba zan zama sanadin da za a yi maka abin da aka yi wa Rudi ba.”

Breda, mutumin da ko a jana'iza sai an ce ya yi shiru, shi ne ya kulle bakinsa bazara guda saboda ni, ni kuwa ina nan ina cewa fushi yake. Na zauna a kan bokitinsa na yi kuka, ban ji kunya ba.

Da na nuna masa sunansa a takarda, ya kai ta kusa da hanci ya karanta, ya ce, “Saboda cokali?” Na ce saboda cokali. Ya ce ashe shi ma injiniya ne tun tuni ba a gaya masa ba. Ga sa hannunmu nan. Ya ce in roƙe ki ki yi sauri, wai cikinsa ya kumbura.

Vinko

*

Munich
Ƙarshen Mayu

Baffa,

Ina lafiya, ina gaishe ku duka. Yau da safe na kai takardar da kaina, an buga kwanan wata. Amsar ofis za ta ɗauki lokaci mai tsawo, za su yi ta ja ina ja, wannan aikina ne. Amma daga yau babu abin ɓoyewa. Da na fito na tsaya a bakin kogi na tuna Baba, na sayi kek na cinye ni kaɗai.

A gaya wa Malam Silvo ya buɗe.

Breda

*

Daga ƙauye
Yuni

Breda 'yata,

Muna lafiya, Cilka har ta taka rawa da gwiwar tata, yau tana biya.

An yi taro. Ni na ɗora akwatin a tebur na ce, “Ga shi.” Iyakar jawabina ke nan. Silvo ya miƙe da cokalinsa a aljihun gaba kamar alƙalami. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga miya ta huce, na ga shugaban ƙungiya ya duba agogo, na ga yara sun yi barci sun farka, bakinsa bai tsaya ba. Pepca ta ce ya fara daga haihuwarsa. Ya gaya wa kowa cewa muna da lauya a Munich wadda Jamusawa ke tsoro. Ki yi haƙuri, abin ya fi ƙarfina.

Na je na shaida wa zuma komai, a hankali wannan karon. Silvo ya ɗaga murya daga kabejinsa ya ce har yanzu yana ji.

Cilka ta ce in kin zo hutu za ta toya miki potica, mu kuma mu je kabarin Rudi tare, mu kai masa kwafin takardar ya gani.

Yanzu kowace amya tana da akwatinta da fitilarta, ban da ta ƙarshe, mai hoton zakara. Na cire nata na sa a aljihun tebur, na ce wa Silvo wayar ta ƙone, kayan gyara kuma sun yi wuya. Don haka dole kowace la'asar ya tsallako da cokalinsa ya saurara mini. Ya ce dama ya san na'ura ba za ta iya ita kaɗai ba. Wannan sirrin kuma ban shaida wa zuma ba, ke kaɗai na gaya wa, kuma ba na neman takarda a kansa.

Ga shi can yana tsallakowa. Bari in wanke kofinsa.

Baffanki,
Vinko